Bahagon Noti

Mijin yayata ya yi shekara goma sha tara yana tuƙin babbar mota bai taɓa take ko kazar wani ba. Wannan suna shi ne dukiyarsa, ba shi da wata. A soja ya koyi tuƙi, ya dawo gida da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da lasin da yake naɗewa cikin tsumma ya sa a aljihun ƙirji. A tashar Tambuwal, in tsohuwa za ta yi tafiya, 'ya'yanta sukan jira ranar da shi ne zai ja mota. Ni na raba shi da wannan suna, kuma har ya shiga kabari ban mayar masa ba. Na faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya ɓata tausayinsa a kaina.

Ni ɗan gidan malamai ne. Mahaifina da zaurensa da littattafansa, yayyena maza duk suka bi sawunsa, ni kuwa na bi mudu. Hatsi nake saye a ƙauyukan Kebbe in kawo Tambuwal, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa na sayi wata tsohuwar lori mai bodin katako. Kai, ka ga ɗagawa a lokacin! Ina da baki, ina da saurin fushi, ga shi yanzu ina da mota. Yayata, wadda nake kira Adda, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita kuma ta ce in ba mijinta tuƙin motar. Ba alfarma na yi masa ba, shi ya yi mini, don masu mota biyu suna zawarcinsa. Ina kiransa Yaya, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan malam. Akwai wasa tsakaninmu, irin na miji da ƙanin mata. Yakan kama hannuna ya juya shi a gaban mutane ya ce, “Ku dubi wanga hannu, alƙalami ya ƙi shi, ƙarfe ya ƙi shi, sai mudu.”

Hanyar Kebbe a wancan zamani cin taya take yi. Yashi a nan, gargada a can, ga kututture ɓoye cikin ciyawa. Da kaka ta kama na je birni na sayo sababbin tayoyi huɗu na baya a kantin wani Bakwara, irin Larabawan nan masu kantuna. Ba irin waɗanda motar ta zo da su ba ne, waɗannan sun fi kauri, haƙoransu manya, an ce sun fi riƙe yashi. Bakaniken garinmu ya kankare tsatsar ƙarafan wili, ya shafa musu jan fenti don in ji daɗi, ya sa tayoyin, ya ɗaure. Noti takwas a kowane gefe. Na tsaya ina kallon motata da sababbin takalma, bakina ya ƙi rufuwa.

Yaya bai yi murna ba, zagayawa kawai yake yana ƙwanƙwasa taya da guduma. Ya ce, “Ɗan malam, sabuwar taya ba a yarda da ɗaurinta na farko. Ga kuma fentin ga da kas sa anka shafa. In mota ta ɗauki kaya ta yi tafiya, fenti shina murmushewa, ƙarfe shi zauna, noti shi yi sako-sako. Gobe in mun yi rabin hanya sai mun tsaya mun yi ɗauri na biyu.”

Na ce, “Yo bakanike bai iya aikinai ba ke nan?”

Ya ce, “Ya iya. Ko ni nid ɗaure, sai na sake.”

Washegari ranar kasuwa ce a Kebbe. Yaron motarmu ya gudu Jega kwana biyu kafin nan, ba mu samu wani ba, don haka daga ni sai Yaya a gidan gaba. Muka loda gishiri da kananzir da huhun goro, fasinja suka hau bisa kaya. Mun makara tun daga tasha, saboda wani mai goro da ya tsaya ciniki, raina kuwa ya riga ya ɓaci. In ban isa kasuwa da hantsi ba, 'yan Jega za su kwashe dawa mai kyau su bar mini tsakuwa. Yaya ya sha fura a tasha, furar kwana ce ashe, tun ba mu yi nisa ba na ga yana yamutsa fuska yana dafa ciki.

Da muka kai wasu tsamiyoyi kusa da wata rijiya, ya taka birki ya kashe mota. Na ce, “Yaya, don Allah mu wuce, in mun isa ka ɗaure har la'asar.” Bai ko dube ni ba. Ya jawo sifanar taya daga ƙarƙashin kujera, ya zura mata dogon bututun ƙarfe, ya durƙusa a tayar baya ta dama. Na tsaya a kansa ina huci, amma ina kallo. Yakan kafa sifana a noti, ya kwantar da bututun wajen hannunsa na dama, ya hau da ƙafa ya danna sau ɗaya. Notin ya yi 'yar ƙara, ya motsa kaɗan. Ba bi da bi yake yi ba, in ya yi na sama sai ya koma na ƙasa. Ya ɗago ya ce, “Ka ji ko? Sun yi sanyi.” Ya gama takwas ɗin nan, zufa na zuba. Sai ya jefar da sifana, ya fizgi buta, ya nufi daji da sauri har fasinja suna dariya.

Na jira. Na dubi rana. Na sake jira. Wani fasinja ya ce, “Maigida, yau sai dai mu ci kasuwar mako mai zuwa.” Wannan magana ce ta tunzura ni. Na tuɓe babbar riga, na ɗauki sifana na zagaya gefen hagu. Mene ne a ciki? Na ga yadda ake yi da idona. Na kafa sifana, na kwantar da bututu wajen hannun dama, na yi bisimilla, na hau na danna. Notin ya ƙi, na ƙara nauyi, sai ya yi ƙara ya motsa. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, lalle Yaya ya yi gaskiya, sun yi sanyi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, yadda ya yi, kowanne dannawa ɗaya, kowanne ya amsa. Fasinja suka leƙo daga bisa kaya suna cewa sannu da aiki, mai mota da kansa.

Ban taɓa jin cewa akwai abin da ake ɗaurewa ta hagu a duniya ba. A gidanmu hannun hagu na tsarki ne kawai. Da dama ake ci, da dama ake karɓa, da ƙafar dama ake shiga masallaci. Marfin kwalba ma dama ake murza shi ya rufu. Ko a mafarki ban kawo wani abu dabam ba.

Yaya ya dawo yana jan ƙafa, fuskarsa ta yi fari. Ya ga sifana a hannuna, ya tsaya cak.

Na ce, “An gama. Shiga mu tafi.”

Ya ce, “Kai kad ɗaure? Ta wane hannu kab bi?”

Na ɗauka gefen mota yake tambaya. Na ce, “Ta hagu mana! Ta ina kaka so in bi?”

Ya ɗan saki fuska, ya gyaɗa kai. Duk da haka ya miƙo hannu zai karɓi sifanar, ya ce bari dai ya ɗan taɓa. Nan na fashe. Allah ya yafe mini abin da na faɗa a gaban mutanen nan. Na ce shi ya sha furar banza ya ɓata mana lokaci, yanzu kuma zai tsaya duba aikina. Na ce motar tawa ce ko tasa. Na ce in ya ga ban isa in ɗaure noti a motar da na saya ba, to ya faɗa mini a nan kowa ya ji. Mutum ne da ya girme ni da shekara goma sha biyar, a gabansa aka yi mini kaciya. Ya dube ni, ya dubi tayar, ya dubi fasinja. Sai ya janye hannunsa, ya zagaya ya shiga mota.

A lokacin hannun hagu ake bi a hanya, sitiyari yana dama. Tayar da na taɓa ita ce mafi nisa da kunnensa, kuma ita ce ke bin gefen da masu ƙafa da jakuna suke tafiya. Muka shiga gargada, mota na kaɗawa, garewanin kananzir na ta ƙara a baya. Sau biyu na ga ya karkata kai yana saurare, ya sassauta ƙafa. Na ce, “Garewani ne, Yaya, taka mu je.”

Saura kaɗan mu shiga Kebbe, inda hanya ta ɗan gangara, 'yan kasuwa sun yi layi a gefe. Sai na ji bayan mota ya faɗi, ƙarfe ya daki ƙasa, muka karkace. Fasinja suka sa salati. Yaya ya rungume sitiyari, ya bi da ita a hankali har ta tsaya ba ta kife ba, kuma duk wanda ya san mota ya ce ba kowane direba zai iya haka ba. Amma kafin ta tsaya na ga wani abu ya wuce ta tagata. Taya ce, sabuwa, da jan fentinta, tana gudu ita kaɗai, ta fi mu sauri. Tayoyin gefen hagu biyu ne suka fita, ɗayar ta faɗa cikin gona. Wannan kuwa ta bi gefen hanya tana tsalle.

Wani manomi ne ɗan Fakku, yana gaba yana kora jakinsa da taiki biyu na dawa. Bai ko waiwaya ba. Ta same shi a baya ta yar, ta wuce ta daki wata bishiya. Jakin ya yi 'yan taku ya tsaya yana cin ciyawa. Muka ɗauke mutumin muka kai inuwa, yana numfashi sama-sama, yana tambayar wa zai kai masa jakin gida. Kafin azahar ya cika. Daga baya na ji ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Har yau ina ganin tafin ƙafarsa, duk faso, da igiyar jakin naɗe a hannunsa.

Ana cikin wannan na nemi Yaya ban gan shi ba. Can na hango shi ya koma baya da ƙafa, yana tafiya a duƙe yana duba ƙasa. Ya daɗe. Ya dawo da noti biyar a hularsa, ya zauna a gindin motar yana juya su ɗaya ɗaya, yana leƙa cikinsu. Ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya. Na ɗauka haushin zagin da na yi masa ne.

Aka kai magana birni gaban shari'a. Fasinja suka ba da shaida da zuciya ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Suka ce an tsaya an sake ɗauri, mai mota da kansa ya tuɓe riga ya ɗaure har yana zufa. Bakanike ya rantse ya ɗaure tun farko. To in an ɗaure har sau biyu, me ya rage? Sai gudu. Wani ya ce lalle motar ta yi sauri a gangaren, wani ya ce direba ba shi da lafiya ranar, bai kamata ya ja mota ba. Aka tambayi Yaya abin da zai ce. Ya ce, “Ni ka riƙe da sitiyari.” Aka yi, aka yi, bai ƙara ko kalma ba. Aka karɓe lasinsa, aka ɗaure shi wata tara. Ni kuwa har yabo na sha, wai ga mai mota da ba ya wasa da ran mutane. Na karɓi yabon, na ma yi ta faɗa a tasha cewa tsufa ya fara kama Yaya.

Bayan wata uku an gyara mota, na ɗauki wani direba, mutumin Argungu, mai yawan dariya. Wata rana muna dawowa ta wajen Sanyinna taya ta yi faci, ta baya, gefen hagu. Yana kafa jak, ni kuma na ɗauki sifana in rage masa aiki. Kwancewa za a yi, don haka na kwantar da bututu wajen hagu na hau. Noti ya ƙi. Na yi tsalle a kai, ya ƙi. Direban ya leƙo ya kwashe da dariya.

Ya ce, “Maigida, ɗaurewa kaka yi! Na wanga gefe bahago ne.”

Na ce, “Mi kac ce?”

Ya ce, “Bahagon noti. Irin motocin ga, na dama dama aka ɗaure shi, na hagu hagu aka ɗaure shi. Turawa sunka yi shi haka don kada juyin taya shi kwance shi. In ka murza shi dama, kwancewa ka yi.” Ya goge kan ƙarfen da yatsa ya nuna mini wani ɗan harafin boko da aka buga a kai. Ya juya bututun wajen dama, ya danna sau ɗaya. Notin ya yi 'yar ƙarar nan, ya motsa kaɗan.

Na san ƙarar. Sau takwas na ji ta a ƙarƙashin tsamiya, ina murna. Na zauna a ƙasa cikin ƙaya da babbar rigata. Direban ya ce ko jiri ne, ya kawo mini ruwa. Na ce masa rana ce.

Saura wata shida a lokacin Yaya ya fito. Da na hau mota washegari na je birni na faɗi gaskiya, wataƙila da an sake shi, wataƙila da an mayar masa da lasinsa. Ban je ba. Na ji tsoro, wannan ita ce maganar, ba wata. Na ji tsoron gidan yari, na ji tsoron a ce ɗan malam wane ya kashe mutum ya bar surukinsa a ɗaure, na ji tsoron idon mahaifina. Kullum in ce gobe. Na riƙa aika wa Adda hatsi da nama fiye da da, tana sa mini albarka tana kuka, wai ba ta da kamar ni. Abinci ya daina yi mini daɗi, fushina ya ƙaru, na addabi iyalina a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da aka sake shi bai zauna Tambuwal ba. Ba ya iya bi ta tasha. Waɗanda da suke jiran motarsa yanzu in sun gan shi sai su yi ƙasa da murya. Ya kwashe iyalinsa ya koma Sanyinna, gonar gadonsu, mutumin da rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Sai da na yi wata biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa, sannan na je. Na same shi a bakin gona da la'asar yana gyaran ƙotar gatari. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka gaisa, na durƙusa a gabansa.

Na ce, “Yaya, ni nik kwance su. Ban san bahago ba ne.”

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ranar. Noti takwas ba su fita tare cikin 'yar tafiyar ga sai an taimake su. Na duba haƙoransu, lafiya lau, ba wanda ya ci. Sannan nit tuna na tambaye ka hannu, kac ce hagu. Ni hagun murzawa nika nufi, kai hagun mota.”

Na fashe da kuka, ƙato da ni. Na ce don me bai faɗa ba a gaban shari'a. Ya ajiye wuƙar. Ya ce in ya faɗa, Adda za ta rasa ƙane ta kuma rasa mai ciyar da ita, shi kuma ba zai fita ba duk da haka. Ya ce, “Kai ba ka sani ba, ni na sani. Hannuna na bisa sifana, ka yi mini tsawa, nij janye don kada in kunyata ka gaban fasinja. Direban da ke tsoron bakin mai mota bai cancanci lasin ba. Wanga nawa ne, ba ka iya ɗaukar mini shi.” Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da zan tafi sai ya ce abu ɗaya yake so. In je tasha in faɗa wa direbobi da bakina yadda abin ya faru. Ya ce ba zai sake tuƙi ba, amma yana da 'ya'ya maza, ba ya son a riƙa nuna su ana cewa ubansu gudu ya yi da mutane.

Na ce, “Wallahi gobe-goben nan, Yaya.”

Allah wadan bakina. Bakin da ya iya tsawa a gaban fasinja ya kasa jimla uku a tasha. Na je, na zauna a benci, na buɗe baki, sai in ji ina zancen farashin dawa. Na sayi mota ta biyu. Aka fara kirana Alhaji bayan na sauke farali, kuma har a can na roƙi gafara a kan mutumin Fakku, amma na dawo ban faɗa ba. Na sa doka a motocina, duk sabuwar taya sai an yi mata ɗauri na biyu a rabin hanya, kuma direba kaɗai ke taɓa sifana. Aka riƙa yabona a kan wannan ma. Idan na je Sanyinna da salla, Yaya yakan karɓe ni da fara'a, mu ci tuwo tare. Bai taɓa tuna mini ba. Sai dai ya daina kama hannuna yana yi mini ba'a, ya koma kirana Alhaji kamar kowa.

Shekarar da aka raba Jihar Arewa ya kwanta, ciwon ƙirji, kwana tara. Na je rana ta bakwai, na tarar ba ya gane mutane. Ya rasu ranar Talata da hantsi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Direbobin Tambuwal sun zo da yawa, har da tsofaffin da suka yi zamani da shi. Ana ta addu'a, ana faɗin alherinsa. Sai wani dattijo, tsohon ɗan kamasho, ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Mutumin kirki, Allah shi jiƙan shi. In ba don gudun ga da yay yi ranar nan ba, da ba shi da tabo.” Mutane suka ce haka ne, Allah ya yafe masa. Babban ɗan Yaya yana zaune kusa da ni, na ga ya sunkuyar da kai.

Na miƙe tsaye. Ban san na miƙe ba sai da na ji muryata. Na faɗi komai, tsamiya da sifana da bahagon noti da zagin da na yi masa. Na ce bai yi gudu ba, ni na kwance tayar da ƙafata, ni na kashe mutumin Fakku, shi ya yi mini zaman gidan yari. Na faɗa da ƙarfi har murya ta dushe.

Sai liman ya kama gefen rigata ya ce, “Zauna, Alhaji, zauna. Zafin rashi ne.” Tsohon ɗan kamashon ya share hawaye ya ce, “Allahu akbar, kun ga zumunci. Shina son shi ɗauke wa mamaci laifi.” Wani ya ce ai shi yana cikin motar ranar, da idonsa ya ga Alhaji yana ɗaurewa. Na rantse, na sake rantsewa. Suka riƙa cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Aka ɗaga hannu aka yi fatiha, aka raba goro. Ɗan Yaya ma ya riƙe hannuna ya ce, “Kawu, mun gode, amma ka bari.”

Da mutane suka ragu na shiga cikin gida wurin Adda. Ɗakinta yana jikin zanan da ya raba gidan da ƙofar, duk abin da aka faɗa a waje ta ji. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, tasbaha a hannu, mata biyu a gefenta. Ta ce su ba mu wuri. Na durƙusa a bakin ƙofa ina jiran ita ma ta ce zafin rashi ne.

Ta ce, “Yaushe kas sani?”

Na ce, “Shina ɗaure da wata ukku.”

Ta daɗe tana kallona. Ita ta koya mini tafiya, ta san fuskata in ina ƙarya, ta san ta in ina gaskiya. Ta ce, “Duk ranar kasuwa sai ya aiki yaro tashar Tambuwal shi sayo mai goro, alhali ga goro nan Sanyinna. In yaron ya dawo shi ce, mi aka faɗi a tasha? Yaron shi ce ba komai. Shekara fuɗu ina yi mai faɗa kan goron ga, ban san abin da shika jira ba.”

Na buɗe baki. Ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Tashi ka tafi, Alhaji. Ka riga ka faɗa, amma ga waɗanda ba su da bukata.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ci gaba da jan tasbaha. Na ɗan jima a durƙushe, sannan na tashi na nemi takalmana.